Murnar Iyaye da Gudun Ƴaƴa

Duk wanda ya san ƙasar Attantane, wadda ke cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita har zuwa Tasawa, ya san cewa yaron wannan ƙasa ba ya jiran makaranta ta koya masa aiki da ƙafa, domin tun kafin ya iya rubuta sunansa rairayin jigawa ya riga ya horar da ƙwaurinsa, da yake shi ne mai kora awaki zuwa rijiya, shi ne mai kai fura gona idan rana ta yi tsaka, shi ne kuma wanda ake aikawa ƙauyen gaba da saƙo a ce masa ya dawo kafin la'asar. Abin da lakwal, wato makarantar boko, ta zo da shi sabo shi ne awo. Ta ja layi a ƙasa, ta ƙidaya mita, ta ba mushe, wato malami, agogo ya riƙe, ta jera yara kafaɗa da kafaɗa, har ma ta sa gudu da tsalle cikin abubuwan da ake ba ɗalibin kwaleji maki a kansu a jarrabawar BEPC. Sa'an nan, bayan ƙura ta lafa, ta kira sunan yaro guda a gaban jama'a ta ce shi ne na fari. Daga wannan rana saurin da dā ba a san shi da wani amfani ba sai kamo ɗan akuya ya zama abin da ake rubutawa a takarda, a buga masa hatimi, a kawo shi gida.

Idan yaron ya shigo da maraice riƙe da ƴar kyautarsa, ko littattafan rubutu ne ko takardar shaida, kakarsa ce za ta rangaɗa guɗa ta rungume shi tana kiransa maigidanta, ƙannensa su kewaye shi suna tsalle, uwarsa ta sunkuyar da kai bisa turmi kamar ba ta ji ba, uban kuwa ya ce a ajiye takardar, ya tambaya ko an shayar da tumaki. Amma washegari a ƙofar masallaci, sa'ad da wani ya miƙo masa hannu ya ce barka da arziki, sai uban nan ya ji wani abu ya cika masa ƙirji, wanda bai sani ba ko ya yi maraba da shi ko ya nemi tsarin Allah daga gare shi. A kan wannan abu nake so in yi magana, domin na tabbata mas'ala ce ta addini tun kafin ta zama ta tarbiyya: shin murnar da uba da uwa suke ji idan ɗansu ya tsere wa ƴaƴan mutane ni'ima ce da ake gode wa Allah a kanta, ko kuwa ƙofa ce daga ƙofofin girman kai?

Shi tseren kansa ba ya bukatar dogon bayani, gama hujjojinsa sanannu ne a wurin almajirai. Imamu Maliki ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa dawaki sun yi tsere a Madina. Abu Dawuda ya kawo cewa ya yi tseren ƙafa da Nana A'isha har sau biyu, na farko ta wuce shi, na biyu, bayan shekaru sun shuɗe ta yi jiki, ya wuce ta. Muslimu kuma ya ba da labarin Salamatu ɗan Akwa'u, wanda a kan hanyar komowa daga Zu Ƙarad ya nemi izinin Manzon Allah ya kara da wani mutumin Madina da ba a taɓa wuce shi a gudu ba, aka ba shi izini, ya riga shi shiga gari. Risalar Ibnu Abi Zaidi, wadda kowane zauren karatu daga Katsina zuwa Damagaram ya san ta, ta ambaci halascin tseren dawaki da raƙuma da gasar harbi a babinta na ƙarshe.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da Shaihu Halilu ya faɗa a cikin Muhtasar, a babin da ya keɓe wa tsere bayan babin jihadi. Ya halatta sa lada a tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, ya halatta sauran nau'o'i, irin su gudun ƙafa, idan ba da lada ba ne, masu sharhi kuma suka kawo saɓani tsakanin halasci da karhanci game da wanda ba ya cikin masu tseren ya ba da kyauta don raɗin kansa, wanda shi ne kusan halin da makarantunmu suke ciki. Sa'an nan sai ya ƙara da cewa ya halatta mai harbi ya yi alfahari a lokacin harbinsa, ya ambaci sunansa, ya ɗaga murya, ko da yake ambaton Allah ya fi soyuwa. Wannan kuwa shi ne kirarin da muka sani a bakin ƴan kokowa da mafarauta. Ashe malaman mazhabarmu, waɗanda ba a san su da sassauci wajen cututtukan zuciya ba, sun gane cewa fagen gasa yana da nasa hukunci, kuma ɗaga murya a cikinsa yana ƙarfafa zukata ne, muddin ya tsaya a bakin fage bai biyo mutum gida ba.

To, amma mai jayayya yana da abin faɗa, kuma maganarsa tana da nauyi. Zai ce Alƙur'ani, a cikin Suratul Hadidi, ya lissafa alfahari tsakanin mutane da gasar yawan dukiya da ƴaƴa cikin abubuwan da rayuwar duniya ta ƙunsa na ruɗi, ayar da ke bi mata kuma ta karkatar da tseren gaba ɗaya zuwa neman gafara da Aljanna. Zai tuna mana da mai gonaki biyu na Suratul Kahfi, wanda ya yi wa abokinsa taƙama da yawan dukiya da yawan jama'a, abokin ya yi masa nasiha da ya mayar da al'amari ga nufin Allah, ya ƙi, ya wayi gari yana tafa hannu a kan abin da ya ɓatar. Zai ce Suratut Tagabuni ta kira dukiya da ƴaƴa fitina, wato jarrabawa. Kuma zai tambaya, da gaskiyarsa, wane bambanci ne tsakanin Balaraben jahiliyya da ke ƙidaya mazajen gidansa a kasuwar Ukaz da magidancin da ke zagaya majalisu yana faɗin daƙiƙa nawa ɗansa ya yi a mita ɗari.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya yi wa wannan cuta fiɗa a cikin Ihya'u, inda ya raba tsakanin ujubu da kibru. Ujubu a wurinsa shi ne mutum ya girmama ni'imar da ke gare shi, ya jingina da ita, ya manta da danganta ta ga Mai bayarwa; kibru kuwa ba ya samuwa sai da wani mutum na biyu wanda za a ɗaukaka kai a kansa. Cikin abubuwan da ya ce suna haifar da ujubu ya ambaci ƙarfin jiki, da nasaba, da yawan ƴaƴa da dangi, kuma ga shi duka ukun sun taru a kan uban ɗan tsere. Sai dai wanda ya lura da ma'anar da ya bayar zai ga cewa farin ciki da ni'ima bai shiga cikin abin zargi ba. Laifin yana cikin mantuwa ne da jingina. Shi kuwa malamin nan da kansa, a inda ya yi magana kan tarbiyyar yara, ya ce a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga karatu, domin hana shi wasa da tsananta masa yana kashe zuciyarsa, yana dushe basirarsa.

Akwai labari guda a cikin Buhari wanda a ganina ya isa ya kwantar da hankalin kowane uba mai tsoron Allah. Wata rana Annabi ya tambayi sahabbansa wace itaciya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar, wanda shi ne ƙarami a wurin, ya faɗo masa a rai cewa dabino ce, amma da ya ga manya irin su Abubakar da mahaifinsa sun yi shiru sai kunya ta hana shi magana, har Annabi ya ba da amsa da kansa. Da suka tashi ya gaya wa mahaifinsa abin da ya raya, sai Umar ya ce da ya faɗa a gaban jama'a da ya fi soyuwa gare shi bisa dukiya mai yawa. Wannan fa Umar ɗan Haɗɗabi ne, wanda tarihi bai san wani da ya fi shi tsananta wa kansa da iyalinsa ba, ga shi yana kwaɗayin a ga fifikon ɗansa a majalisar Manzon Allah, kuma bai ɓoye wa ɗan wannan kwaɗayi ba. Mai jayayya zai ce wannan ilimi ne, wancan kuwa gudu ne. Na yarda ilimi ya fi daraja nesa ba kusa ba, amma ɗabi'ar da ta motsa a zuciyar uban guda ce, kuma da ɗabi'ar ce abar zargi da ba a ruwaito ta daga Umar a matsayin abin koyi ba.

Saboda haka tambayar da ta rage ita ce me uba ya mallaka a cikin gudun ɗansa, domin a nan ne murna take zama shukura ko ta rikiɗe ta zama ujubu. Mutanenmu suna cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma sau da yawa da wannan magana ake taya uba murna, musamman idan shi ma ya yi suna a kokowa ko a langa zamanin samartakarsa. Magana ce mai daɗin ji, amma tana mayar da nasarar yaro ta zama shaidar asalin uba, alhali uban bai zaɓi tsawon ƙafar ɗansa ba, bai kuma ƙera huhunsa ba. Mu da muke zaune a wannan yanki mun fi kowa sanin cewa yaron da ya kai shekara goma sha huɗu yana da ƙarfin da zai yi tsere ya riga ya tsallake ramuka da yawa waɗanda sa'o'insa suka faɗa: masassarar damina, da ƙyanda, da sanƙarau na lokacin zafi, da shan inna wadda ta bar waɗansu suna jan jiki, da tamowa irin wadda ta cika gidajen jinya na jihar Maraɗi da jarirai a shekarar 2005. Yaron maƙwabci da ya zo na ƙarshe wataƙila bai gaza a himma ba. Wataƙila an yaye shi ne a shekarar da rumbu ya ƙare tun kafin shuka. Uban da ya tuna da wannan, ya dubi ɗansa yana gudu, ba zai iya ɗaga kai a kan kowa ba, kuma murnarsa ba za ta ragu ba, sai ma ta ƙara zurfi, domin ya san abin da yake kallo rahama ce da aka keɓe shi da ita ba don ya fi kowa ba. Idan akwai wanda ke da rabo na zahiri a cikin wannan ƙarfi, uwar da ta shayar, ta yi daka, ta kwana a zaune daren zazzaɓi ta fi cancanta da shi, ita kuwa ita ce mafi ƙarancin magana.

Wannan ya kawo ni ga alkunya, wadda ita ce ainihin abin da ya bambanta halinmu da na waɗansu al'ummomi. A ƙasashen da iyaye suke cika filin wasa suna kiran sunayen ƴaƴansu da ƙarfi, wa'azin da suke bukata shi ne na rage murya. Mu kuwa al'adarmu ta hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, ta hana uba yabon ɗansa a gaban mutane, ta sa idan an yaba yaro sai a yi maza a ce tubarkalla don tsoron baki. Ba na cikin masu ɗaukar wannan a matsayin duhun kai. Annabi Yaƙubu ya hana Yusufu gaya wa ƴan'uwansa mafarkinsa, ya kuma umurci ƴaƴansa su shiga birni ta ƙofofi daban-daban. Kuma abin lura ne cewa uzurin da ƴan'uwan Yusufu suka kawo ranar da suka jefa shi rijiya shi ne wai sun tafi tsere. A gidan da ke da mata biyu ko uku, inda kowane ɗaki yake auna abin da aka yi wa ɗayan, kalma guda ta yabo da uba ya saki ba da lissafi ba tana iya zama gabar ƴan uba har tsufa. Alkunya ta san wannan, shi ya sa ta kwance yabo daga bakin uwa da uba ta ɗaura shi a bakin kaka da gwaggo da kawu, waɗanda yabonsu ba ya tayar da ƙura.

Amma ina ganin mun wuce da ita inda aka ajiye ta. An yi ta ne don ta rufe bakin uba a gaban jama'a, sai muka bar ta ta rufe shi har a cikin ɗaki, inda babu kowa sai shi da ɗansa. Akwai samari da yawa a garuruwan nan waɗanda suka girma, suka tafi cin rani Kano ko Agadas ko Libiya, ba su taɓa jin mahaifinsu ya ce musu madalla ba, suna kuma ɗauke da wannan yunwa a zuciya, suna neman mai ƙosar da ita a wurin abokai da maroƙa da duk wanda ya iya daɗin baki. Sa'ad da Aƙra'u ɗan Habisu ya ga Annabi yana sumbatar jikansa Hasan, ya ce shi yana da ƴaƴa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ta danganta al'amarin da jinƙai da rashinsa. Suratud Duha kuma ta ƙare ne da umurnin a ba da labarin ni'ima. Babu abin da zai rage wa dattijo mutunci idan bayan sallar isha'i ya kira yaron, ya ce masa ya ji abin da ya yi, ya ji daɗi, Allah ya yi masa albarka, ya kuma tuna masa daga ina ƙarfin ya zo. Wanda ya iya faɗa wa ɗansa laifinsa ba tare da jin kunya ba, ya kamata ya iya faɗa masa kirkinsa.

Murna kowa yana iya ce wa tasa shukura ce, kuma zuciya gwana ce wajen yi wa kanta shaida. Saboda haka ana bukatar ma'auni daga waje, na farko kuwa shi ne ranar kaye. Annabi yana da taguwa mai suna Adba'u wadda ba a taɓa wuce ta a tsere ba, sai wani baƙauye ya zo da ɗan raƙuminsa ya wuce ta. Abin ya yi wa Musulmi ciwo har ya bayyana a fuskokinsu, sai Annabi ya sanar da su cewa sunnar Allah ce babu abin da zai ɗaukaka na duniya face an sauke shi. Bai nemi a sake tseren ba, bai tuhumi baƙauyen da maguɗi ba. To, uban da ɗansa ya yi na fari a Attantane, sa'an nan aka kai shi Mayahi ko Maraɗi ya tarar da waɗanda suka fi shi, gama gaba da gabanta, ya dubi abin da zuciyarsa za ta yi a wannan rana. Idan ya karɓi yaron da fuskar da ya karɓe shi da ita ranar nasara, ya kuma iya zuwa ya yi wa uban wanda ya ci barka, to murnarsa ta farko shukura ce. Idan kuwa ya ɗaure fuska, ya ce an kunyata shi, ya shiga zargin alƙalan wasa, to ya sani tun farko kansa yake yi wa murna, ɗan kuwa doki ne kawai da ya hau.

Tarihin ƙasarmu a fagen wasanni ya isa ya koya mana haƙuri da wannan sunna. Isaka Dabore ya kawo wa Nijar lambar tagulla a damben zamani daga wasannin Olamfik na Munich a 1972, sai da aka yi shekara 44 kafin Abdurrazaƙ Isufu Alfaga ya kawo ta azurfa daga Rio a 2016. Aminatu Saini ta zo ta huɗu a tseren mita 200 na gasar duniya a Amurka a 2022, tazarar da ke tsakaninta da lamba kuwa ba ta wuce ƙiftawar ido ba. A Landan a 2012 Hamadu Jibo Isaka, wanda bai fi ƴan watanni da fara koyon tuƙin kwalekwalen tsere ba, ya zo na ƙarshe da nisa, jama'a suka miƙe suna yi masa tafi don ya ƙi tsayawa. Ko a kokowa, wadda ita ce tamu ta gado, Kantu na Maraɗi da ya ɗauki takobin farko na gasar ƙasa a Tawa a 1975, wanda filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa, bai riƙe takobin har abada ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da iyaye, kuma da ƙaunar iyayen ta rataya a kan lamba da mafi yawan kwanakinsu sun zama na baƙin ciki.

Ma'auni na biyu yana cikin gida, shi ne ɗan'uwan da ba ya gudu. A kowane gida da ke da gwani akwai wani yaro mai nauyin jiki, ko mai ciwo, ko wanda aka bari a gona don a sami mai taimako sa'ad da ɗayan yake lakwal, kuma yana tsaye a gefe yana kallon yadda ake rabon fara'a. Bashiru, mahaifin Nu'umanu, ya ba ɗansa kyauta ya zo neman Annabi ya yi shaida, da Annabi ya ji cewa bai ba sauran ƴaƴan irinta ba sai ya ƙi, ya umurce shi da adalci. Fara'ar uba kyauta ce da ta fi kowace dukiya tsada a wurin yaro. Haka kuma ranar da Annabi ya wuce waɗansu mutanen Aslam suna gasar harbi ya ce yana tare da ɓangare guda, sai ɗaya ɓangaren suka ajiye bakansu, suka ce yaya za su yi harbi alhali yana tare da abokan karawarsu, nan take ya ce yana tare da su duka. Wannan ita ce tsayuwar da ta dace da uba a tsakar gidansa, da mushe a bakin fili.

Akwai kuma hanyar da alfahari ke bi ya kai mutum ga zunubi bayyananne, wadda ba na so in wuce ban ambata ba. A ƙauyukan da ba kowane yaro ake yi wa takardar haihuwa ranar suna ba, rage shekaru abu ne mai sauƙi, kuma akan sami wanda zai sa saurayi ya yi tsere da yara don a kawo kofi gida. A ruwayar Muwaɗɗa da na ambata, Annabi ya raba dawakin da aka horar da waɗanda ba a horar ba, ya ba na farko zango mai nisa daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, na biyu kuma gajere zuwa masallacin Banu Zuraiƙ, don kowa ya kara da tsaransa. Nasarar da aka samu da shaidar zur haram ce ko da kyautarta sabulu ce, kuma mafi munin abin da ke cikinta shi ne yaron ya koyi daga bakin mahaifinsa cewa suna ya fi gaskiya. Kusa da wannan akwai uban da ya ji labarin kuɗin da ƴan wasa ke samu a Turai, ya mayar da ƙafar ɗansa jari, ya bar shi ya saki karatun boko da na allo. Alhali waɗanda gudu ya ciyar da su a ƙasar nan ƴan ƙalilan ne, ƙafa kuma targaɗe guda ya ishe ta.

Game da ƴan mata maganar ta fi wuya, domin yarinyar da ta fi kowa sauri a aji sau da yawa ita ce ake fara cewa ta girma, a hana ta fili, daga nan kuma a cire ta daga makaranta a yi mata aure. Masu hanawa suna da hujjar sutura da tsoron cakuɗa, kuma ban raina hujjarsu ba. Sai dai a ruwayar tseren Nana A'isha an ce Annabi ya umurci abokan tafiya su yi gaba tukuna, sa'an nan suka yi tserensu. Ya kiyaye sutura, bai kuma hana gudun ba. Abin da ke wuyan iyaye da malamai shi ne su samar da tufa mai rufe jiki, da lokaci ko wuri na mata, da malama mai kula, maimakon su zaɓi hanya mafi sauƙi ta hanawa. Yarinyar da ke ɗauko tulu daga rijiya mai zurfi, ta yi surfe, ta yi tafiyar itace, jikinta amana ce kamar na ɗan'uwanta, kuma tana da haƙƙin ta ji gidansu ya yi murna da ita a kan wani abu tun kafin ranar da za a kawo kuɗin aurenta.

Magabatan wannan ƙasa suna da wata al'ada da ake kira dubu, wadda manomin da ya tara dami dubu na hatsi ba ya samun sarautar noma sai ya tara jama'a ya rabar da abin da ya tara. An cakuɗa ta da tsafe-tsafen da Musulunci ya kawar, kuma ba na kiran kowa ya koma gare su. Amma fahimtar da ke ƙarƙashinta, cewa wanda aka fifita ba ya cin sunansa sai jama'a sun ci daga fifikonsa, fahimta ce da shari'a ta tabbatar, tun da malamai sun ce godiyar kowace ni'ima ana yin ta ne da jinsin ni'imar. Gidan da Allah ya ba ɗa mai sauri yana da hanyar biyan wannan bashi a kusa. Yaron ya koya wa ƙannensa da ƴaƴan maƙwabta yadda ake tashi daga layi da yadda ake rabon numfashi a dogon zango; takalmin da ya yi masa kaɗan ya koma ƙafar wanda ke gudu a kan ƙarangiya ba takalmi; saurinsa ya zama na unguwa duka ranar da ake neman mai kiran ungozoma ko mai kai labari gidan likita. Uban kuma, maimakon zagaya majalisu da labari, ya je wurin darektan makaranta ya tambayi abin da filin ke bukata, gama mafi yawan filayen lakwal na ƙauyukanmu ba su rasa komai ba sai mai share ƙaya, da mai haƙa ramin tsalle ya cika shi da rairayi mai laushi, da mai dasa bedi a gefe don yara su sami inuwa, kuma wannan aikin gayya ne da magidantan unguwa guda za su gama cikin yini ɗaya bayan an kai amfanin gona gida.